Kawu Isaka da Jar Leda

Jama'a, ku zo ku ji sabon maganin ido!

Yau ce ranar da za a cire wa Kawu Isaka yanar ido a asibiti, can unguwar Bantama. Mun sha wahala kafin layi ya zo kanmu. Na tari pragiya, wato keke-napep, na je shagon ɗinkinsa in ɗauke shi.

Me zan gani? Ya naɗe ƙwan fitila da jar leda, ya zauna ya ƙura masa ido! Tsofaffin unguwa sun cika benci, kowa na jira a zo kansa shi ma ya kalli ƙwan.

Na ce, "Kawu, lafiya?"

Ya ce ɗansa na Italiya ne ya turo bidiyo, wai jan haske na wanke ido. "Turawa sun daina yanka, ku ne aka bari a baya."

Na ce likita fa na jira.

Ya ce, "Ya yi ta jira! Na warke sarai. Ga ki nan ina ganinki tar, har ramar da kika yi."

Wallahi ni ina bakin ƙofa. Mutum-mutumin da yake rataya wa kaftani yake yi wa magana!

Tsofaffin benci suka gyaɗa kai: "Gaskiya yarinyar nan ta rame."