Mai Awarar Da Ta Gyara Wa 'Yata Lissafi

Wata rana na je ɗauko 'yata daga makaranta a Funtuwa, sai na tarar da ita tsugune gaban mai awarar bakin ƙofa, littafi a buɗe.

Matar na juya awara da hannu ɗaya, ɗayan kuma tana nuna mata inda ta kuskure. Lissafin aji biyu na sakandare, wanda ni kaina ya gagare ni.

Sunanta Barira.

Na zauna a bencinta muka taɓa hira. Ta ce tun firamare ita ke zuwa ta ɗaya. Tana aji uku na sakandare mahaifiyarsu ta kwanta ciwo, aka ce dole wani ya zauna jinya. Su biyar ne a gidan, huɗu maza.

Ko shawara ba a yi ba.

Shekara uku tana jinya. Bayan rasuwa, babu wanda ya sake tada maganar makaranta.

Ƙaninta Sabi'u, wanda ita ta koya wa riƙe fensir, yau injiniya ne. Bara da aka zauna kan maganar gonar mahaifinsu, ta buɗe baki za ta yi magana, ya ce mata harkar takardu ce, ta je ta duba musu abinci.

Muna cikin hirar sai wata yarinya 'yar shekara sha biyu ta sauke bokitin awara daga kanta. Babu kayan makaranta a jikinta. Ta tsaya tana leƙen littafin 'yata, leɓɓanta na motsi.

"Wannan taki ce? Ajinta nawa?"

"Nusaiba kenan, Hajiya, ta fi ni kai. Bana na cire ta. Babansu ya samu shanyewar ɓarin jiki, dole wani ya zauna da shi."

"Yayyenta fa?"

"Ai su maza ne."

Tana faɗa ta ji abin da ya fito daga bakinta.

Ta ƙura wa yarinyar ido har awarar ta ƙone a kasko. Sannan ta ce mata ta yi sauri ta koma gida, lokacin ba babanta magani ya yi.

Yarinyar ta ɗauki bokitinta ta tafi.

Darasi: Duk gidan da lalura ta shiga, littafin 'ya mace ake fara rufewa. Mun saba har wadda aka yi wa ita ma tana yi wa tata.

Ku tura wa duk wanda ke da 'ya, kafin a ce dole wani ya zauna.