Malam Ummaru Baduku ya tafi, amma ban yafe wa Tanko ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin nan wani mai jaki daga Bunguɗu ya tsaya ƙofata ya ce Malam Ummaru Baduku ya cika.

Tare muka yi karatun allo. Yanzu ni kaɗai na rage.

Tun da ƙafafuna suka ƙi, shi ke zuwa Gusau duba ni, da goro ɗaya a aljihu, mu raba. Ko gafakar da nake ajiye littattafaina, shi ya ɗinka mini kyauta.

Wurinsa na san launi ma ilimi ne. Yakan ce, "Malam, ja da tsanwa kamar maƙwabta masu hushi su ke. In ba ka sa baƙi tsakani ba, hwaɗa za su yi, ido ya gaji." Shi ya sa kowace gafakarsa ke da zare baƙi uku tsakanin launukan. Janta na karan dafi ne, ruwa ba ya taɓa shi.

Tanko na Tsafe shekara tara yana koyo a gabansa. Da ya buɗe rumfarsa sai ya koma amfani da garin rini na kanti, ya kuma saci alamar zaren nan uku. Ruwan sama ya doki wani malami a hanya riƙe da gafakar Tanko, jan ya zuba ya ɓata masa littafin da ya gada. Saboda zaren ukun da ke jikinta, a tsakiyar kasuwar Gusau aka jefa wa Ummaru gafakar a fuska, aka kira shi maha'inci. Tanko na tsaye, ya ƙi amsa cewa aikinsa ne.

Daga ranar ba wanda ya sake kai wa Ummaru aiki.

Ganinmu na ƙarshe ya riƙe hannuna ya ce, "Na gane ɗinkin Tanko. Bar shi, yana da iyali."

Na yi shiru don kai, Ummaru. Yau shirun ya ƙare.

Ran kasuwar Tsafe, ko a kan jaki za a ɗora ni. Zan zauna gaban rumfar Tanko da butata, in jiƙa gafakunsa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ga wanda jansa ke zuba.

Allah ya jiƙan Ummaru, ya haskaka kabarinsa, ya wanke sunansa. Duk wanda wannan takarda ta isa gare shi, ya yi masa addu'a. Ni kuma ku roƙa mini kwana zuwa ran kasuwa.