Hanyoyi Biyu na Clive Hannaford

Shekara ashirin da biyu muna aiki da Clive Hannaford a kamfanin gwanjon shanu a garin Dubbo, ban taɓa ganinsa da abu ɗaya ba. Biro biyu, tabarau biyu. Ko fanken naman da yake ci da rana biyu yake saya, wai ko ɗaya ya faɗi ƙasa.

Aikinsa kula da babbar kwamfutarmu, wadda ke ɗebo bayanan shanu daga rumbun ajiya a ginin tsallaken fili. Waya biyu ya ja tsakaninsu, in ɗaya ta mutu kwamfutar ta bi ɗaya. Rabin rayuwarsa ya ƙare a kan daƙiƙa nawa za ta jira kafin ta sauya hanya. Yau talatin, gobe goma, jibi ya koma talatin yana tsaki. Duk yana rubutawa a wani jan littafi da ko taɓawa ba ya bari in yi, kuma abin yana ci mini rai.

Na taɓa tambayarsa, "To in duka biyun suka mutu fa?"

"Haba Noelene! Na saita ta ta jira. Ba ƙorafi, ba komai, har hanya ta dawo."

"Har yaushe?"

"Har abada mana."

Matarsa Maureen kuwa shekara shida ke nan da sayen ɗakin nan da ake ja da mota, za su zaga tsibirin Tasmania in ya yi ritaya. Sau uku yana ɗagawa. A na huɗu ta ce ranar Juma'a ƙarfe biyu za ta tayar da mota, da shi ko ba shi.

Ranar Juma'ar, muna yanka kek ɗin sallama, dillalai suka fara ihu daga fili: bayanan shanu sun daina zuwa, komai ya tsaya cak. Kwamfutar ba ta nuna wata matsala ba, tana zaune lafiya lau tana jira. Muka leƙa waje. Ashe wayoyin nan biyu da yake taƙama da su a kan turke ɗaya suka bi, ga fararen aku masu tukku sun jeru a kai, sun gwaguye su duka suna ta shewa.

Clive ya cire rigar sama, ya ciro jan littafi. Daidai nan Maureen ta shigo da makullin mota a hannu.

"Minti goma kawai, uwargida."

"Tun ina da baƙin gashi nake jin minti goman nan." Ta dubi allon kwamfutar. "Me take yi?"

Na ce, "Jira take yi. Haka ya saita ta, har abada."

"Allah sarki, 'yar'uwata. Ni ma haka ya saita ni." Ta juya gare shi. "To ni ina da hanya ta biyu, tsoho. Ƙanwata Glenys na cikin mota da jakarta."

Ta fice. Muka ji inji ya tashi.

Clive ya dubi allo, ya dubi taga. Wallahi sai da ya ba ni tausayi. Sai ya danƙa mini littafin.

"Shafi na tara. Ki sa mata iyaka, Noelene. Kada ki ƙara barin ta tana jira haka."

Ya ruga da gudu, tabarau ɗaya ya faɗi a bakin ƙofa. Bai ko waiwaya ba.