Haruffan Malam Da Suka Koma Akwatuna

Duk tsawon rayuwar da Allah zai ba ni, ba na jin zan manta da makonni ukun da na cinye wa malamina na firamare, a daidai lokacin da ba shi da makonni ukun da zai ba wani.

A lokacin ina da ɗan shagon gyaran kwamfuta a unguwar Gawon Nama cikin Sakkwato, ban daɗe da buɗe shi ba, kuma son Linux ya kama ni sosai. Ga wanda bai sani ba, Linux babbar manhaja ce, irin wadda kwamfuta take tashi da ita, kuma kyauta ake samunta. Kala-kala ce. Akwai mai nauyi, akwai marar nauyi da tsohuwar kwamfuta za ta iya ɗauka, akwai wadda aka tsara domin sabon shiga, akwai kuma ta ƙwararru, wadda rabin aikinta sai ka rubuta mata umarni a baƙin allo. Ni ta ƙwararrun nake amfani da ita, kuma ina ji da kaina ba kaɗan ba. Duk wanda ya shigo shagon, ko caja ya zo nema, sai ya sha lacca kafin ya fita.

Malamin nan nawa Kirista ne, mutumin wani ƙauye a kan duwatsun Filato. Tun yana saurayi aka turo shi Sakkwato koyarwa, a nan ya yi aure, a nan ya haifi 'ya'yansa, a nan ya yi ritaya, yana zaune da matarsa a Sabon Gari. Shi ya koyar da mu a aji huɗu. Wata safiya cikin bazara, zafi ya fara tun ƙarfe tara, sai ga shi ɗan kabu-kabu ya sauke shi a ƙofar shagona, ya rungume wata tsohuwar laftof a cikin jakar atamfa. Na tashi da sauri na durƙusa na gaishe shi.

Ya ce, "Ɗana, an ce mini kai ne likitansu. Wani ya ce wagga ta mutu, in sayi sabuwa. To ni ina ganin tana da sauran numfashi, sai dai in na kunna ta, ina iya shan shayi in wanke kofi ba ta gama tashi ba."

Ya gaya mini cewa shekara shida ke nan yana tattara kalmomin harshensu a cikinta, kowace kalma da ma'anarta da Hausa da Turanci. Jikokinsa duk a Sakkwato aka haife su, ba su jin komai sai Sakkwatanci, in ya yi musu magana da harshen gida sai su ce, "Kaka, mi kac ce?" Yana so ya bar musu abin da za su riƙe. Na ji wannan bayanin, amma gaskiya da rabin kunne na ji shi, don hankalina ya riga ya tafi ga bajintar da zan nuna.

Na cire tsohon faifan ajiyar da ke cikinta na sa mata sabo mai sauri, na ƙara mata ram, wato ƙwaƙwalwar da take aiki da ita, sannan na ɗora mata irin Linux ɗin da ni nake so. Na kwashe foldar rubuce-rubucensa na zuba a ciki, tsohon faifan kuma na jefa a durowa. Washegari da ya dawo na kunna masa, kafin ya gyara zama ta tashi. Na shiga nuna masa kwalliyarta: bango mai duhu, siraran haruffa 'yan ƙanana, tagogi suna shawagi. Na ga ya sunkuya har hancinsa ya kusa taɓa gilashin, ya daɗe a haka. Wallahi ni a zatona sha'awa ce ta kama shi. Ya ɗago ya ce, "Madalla. Allah shi yi albarka." Ban buɗe ko fayil ɗaya na aikinsa na gani ba, ban kuma ce ya zauna ya gwada a gabana ba. Na raka shi bakin titi ina jin na yi aikin lada.

Bayan mako uku, da hantsi, matarsa ta shigo shagon. Mama muke ce mata tun muna yara. Ta ƙi zama a kujerar da na miƙa mata, ta tsaya ta riƙe bakin tebur.

Ta ce, "Ɗana, bai san na zo ba, ya hana ni. Tun ranar da ya dawo da abin nan bai rubuta ko kalma ɗaya ba. Ya buɗe aikinsa ya tarar duk ya lalace. Zaune kawai yake, abinci ma sai na matsa."

Na ce, "Subhanallahi! Mama, don mi bai dawo ya gaya mini ba?"

"Ya ce sabon shago gare ka, kuma ka yi ne don Allah, ba zai kunyata ɗalibinsa ba." Sannan ta ce, "Abin da bai gaya maka ba, hawan jinin ido gare shi. Likita ya ce ganin da ya rage masa ba mai daɗewa ba ne. Shi ya sa yake sauri."

Ban san lokacin da na ja ƙofar shagon na kulle ba. Na ɗauke ta a babur ɗina muka nufi Sabon Gari.

Mun same shi zaune a barandar gidan, rediyo a gefensa a kashe. Da ya gane ni, sai ya juya wajen Mama ya ce, "Haba ke kuwa," amma ba da faɗa ba. Na roƙe shi ya nuna mini. Aka kawo laftof ɗin, na buɗe fayil na farko. Hausar tana nan, Turancin yana nan, amma kalmomin harshensu duk sun tarwatse. Inda ya kamata a ga harafi, sai ƙananan akwatuna da alamomin tambaya, shafi bayan shafi.

Ya ce, "Na duba daga farko har ƙarshe, haka suke. Dattawan da sunka ba ni kalmomin nan, da yawansu sun rasu. Ba ni da inda zan koma in tambaya." Ya faɗi haka a hankali, kamar mai ba da labarin wani can daban.

Na tambaye shi yadda yake rubuta haruffan tun asali. Ya ce harshensu yana da haruffa masu alama a sama da ƙasa, wani abokinsa ne shekarun baya ya sa masa wani samfurin haruffa na musamman a kwamfutar don su riƙa fitowa. Nan take na gane. Aikin bai lalace ba, samfurin haruffan ne na baro a tsohon faifan. Sai dai ganewar ba ta kwantar mini da hankali ba, domin ɗabi'ata ce in goge tsofaffin faifai in sake amfani da su, kuma ko shekaranjiya na goge guda daga cikin durowar nan ba tare da na duba na wane ne ba. Abokin nasa kuma, Malam ya ce ya daɗe da rasuwa.

Ban gaya musu wannan ba. Na ce su ba ni awa ɗaya. Yadda na tuƙa babur ɗin nan zuwa Gawon Nama cikin ranar tsaka, Allah kaɗai ya tsare ni. Faifai biyar na tarar a durowa, babu mai ɗauke da sunan kowa. Na farkon da na jona, wayam, shi ne wanda na goge. Na zauna gumi yana ɗiga a kan tebur, ina tunanin da wane baki zan koma gidan nan. Na jona na gaba, sai ga hoton Mama da jikokinta a coci ya bayyana. Na kifa kaina a kan tebur na yi ta hamdala.

Da na koma na sa samfurin haruffan, na sake buɗe fayil ɗin, akwatunan nan duk suka koma kalmomi. Na ƙara girman rubutun na juya masa. Ya sunkuya, ya bi layin farko da yatsa, ya karanta kalmar a fili da harshensu, ya karanta ta biyu. Mama ta juya ta shige ɗaki.

Na durƙusa na ce, "Malam, ka yafe mini."

Ya ce, "Ai ba ka yi da nufi ba. Tashi, tashi."

Ranar ban sake komawa shago ba. Na ce ya yi aikinsa yadda ya saba, ni zan zauna in kalla. Abin da na gani ya fi akwatunan ba ni kunya. Ba ya ganin kibiyar linzamin kwamfutar, sai ya yi ta kaɗa shi yana nema. Siraran haruffan da nake yabo, a wurinsa hazo ne. Wurin da hannunsa ya saba zuwa shekara da shekaru, can ƙasa ta hagu, babu komai a wurin. Ko da haruffansa ba su ɓace ba, da ba zai iya aiki da abin da na ba shi ba. Ina kallonsa ya manna fuska a gilashi, sai na tuna wata rana a aji huɗu. Ni a bencin baya nake zama, kowa ya ɗauka daƙiƙi ne ni. Shi ne ya lura ina tsuke ido in ina duban allo, ya dawo da ni bencin gaba, ya taka har gidanmu a Ƙofar Taramniya ya ce wa mahaifina a kai ni a duba mini ido. Mutumin da ya gane ba na gani a cikin yara cike da aji, shi ne ya sunkuya a gabana shi kaɗai, ni kuma ban gane ba.

Sai a ranar na yi masa tambayar da ya kamata in fara da ita: me yake yi da kwamfutar? Ya ce abu uku ne kawai. Yana rubutu, yana sauraren muryoyin dattawan da ya naɗa a ƙauye, yana kuma buga takarda a firinta.

Washegari na dawo da filashi mai ɗauke da kalolin Linux uku marasa nauyi, waɗanda ake iya gwadawa ba tare da an ɗora su ba. Na kunna masa ɗaya bayan ɗaya, na kama bakina. Ya zaɓi Mint, wadda ni a lokacin nake rainawa ina cewa ta 'yan koyo ce, saboda kawai maɓallin farawarta yana ƙasa ta hagu inda hannunsa ya sani. Na ɗora masa ita. Muka yi ta gwada launi har ya tsaya a baƙin rubutu mai kauri a kan rawaya mai haske. Kibiyar linzamin na mayar da ita ƙatuwa. Na share komai daga fuskar kwamfutar na bar alamomi uku manya, ɗaya ga kowane aikinsa. Na ɗauko wata babbar sikirin da take shan ƙura a shagona na jona masa, da kibod mai faɗi, Mama kuma ta yanka farin salatif ta rubuta haruffa ɓaro-ɓaro da alƙalamin maka ta manna a kan madannan. Na kunna masa manhajar da ke karanta rubutu a fili. Da ta kai kan kalmomin harshensu sai ta riƙa kwaɓa su, ya yi dariya har da tari, ya ce, "Wannan ma ta fi jikokina ƙoƙari." Kafin in tafi na kwafe aikin duka a filashi biyu, tare da samfurin haruffan, na ba Mama ɗaya na riƙe ɗaya, na rubuta suna a jikin kowanne.

Ya yi aiki da ita duk daminar nan. Kowace Asabar nakan leƙa, nakan tarar ya ƙara girman rubutun fiye da na makon jiya, har ya kai kalma huɗu ko biyar suke cika sikirin ɗin. Bai kai ƙarshe da idonsa ba. Saura kalmomin haruffan ƙarshe kaɗan ganin ya ɗauke gaba ɗaya. Mama, wadda ba ta taɓa taɓa kwamfuta ba, ita ta zauna a gaban babban kibod ɗin tana dannawa da yatsa biyu, shi yana faɗa mata. Da suka gama aka buga littafin, aka ɗinke, suka tafi da shi gida Filato lokacin Kirsimeti.

Na taɓa ce masa da ban ɓata masa makonnin nan ba, da ya ƙarasa da idonsa. Ya ce in bar wannan zancen, ai da hakan ba ta faru ba da Mama ba ta sa hannu a littafin ba. Na san lallashina yake yi, kuma na karɓa. Har yau yana nan, in na yi sallama daga bakin ƙofa yakan gane muryata.

Abin da na koya shi ne, babu wata manhaja ko na'ura da ta fi kowace kyau a wurin kowa. Wadda ta fi ita ce wadda ta dace da ido da hannu da buƙatar mai ita. Tun daga lokacin, duk wanda ya kawo mini kwamfuta, kafin in taɓa sukurdireba sai na ja masa kujera na ce ya nuna mini yadda yake aiki da ita. Kuma na daina ɗaukar "madalla" a matsayin shaidar cewa na yi daidai, domin masu kara ba sa faɗa maka ka cuce su, sai dai kai ka sa ido ka gani.