Kilishin da Na Kai wa Ɗan'uwan Baba

Mahaifina ya shekara ashirin da ɗoriya yana zuwa Dubai sarin yadi, ni kuwa iyakata filin jirgi, in raka shi in dawo. Malamin makaranta ne ni, ba ruwana da kasuwa, kuma a lokacin ina ganin na fi kowa a gidanmu sanin daidai da ba daidai ba. Na taɓa hana ƙannena cin shinkafar da maƙwabciyarmu ta aiko ranar Kirsimeti, har na yi wa Baba kansa doguwar magana a kai. Ya kalle ni kawai, ya ja kwanon gabansa ya ci abinsa.

Duk dawowarsa daga Dubai akwai wani kwali da ba ya fashi. Alawa ce ta madara, mai ƙamshi, an yanka ta murabba'i an jera. Tun muna yara muke faɗa a kanta. In an tambaya sai Baba ya ce daga gidan ɗan'uwansa na Dubai take. Ban taɓa tambayar ko wane ne ɗan'uwan ba, don na riga na zana shi a raina: Balarabe, farin gemu, carbi a hannu.

Kwana biyu kafin rasuwar Baba ya kira ni bakin gadonsa a asibiti. Ya ce in komai ya lafa in sa mahaifiyata ta yi kantun riɗi kamar yadda ta saba yi masa duk tafiya, in kai wa ɗan'uwansa. Sannan ya riƙe hannuna ya ce, "Kada a faɗa masa a waya. Ka je da ƙafarka, ka faɗa masa da bakinka."

Wannan shi ne abu na ƙarshe da ya roƙe ni a duniya. Bayan rasuwarsa wayarsa ta riƙa ƙara a cikin durowa, kusan kullum da hantsi, allon yana nuna "Ɗan'uwa Dubai". Hajiya, mahaifiyata, takan rufe fuskarta da mayafi har ta katse. Ba wanda ya taɓa ɗauka.

Da lokacin tafiya ya zo, Hajiya ta miƙo mini ƙullin kantun. Na juya shi a hannuna, sai kunya ta kama ni. Mutum ya shekara ashirin yana aiko mana da alawa, ga shi kuma zan je masa da saƙon mutuwa, sannan in ajiye masa riɗi irin wanda ake talla a bakin makarantarmu? Na ce a raina Baba dai bai san fita kunya ba. Na wuce Agadasawa, unguwar masu kilishi a Kano, na sa aka zaɓo mini kilishi mai kyau, na naman sa, jawur da shi, babban ƙunshi. Ban gaya wa Hajiya ba, don na san za ta ce in yi abin da aka ce in yi kawai, ni kuma ba na son a koya mini tsaraba.

A Dera, unguwar 'yan kasuwa a Dubai, wani Bakano ne ya tarbe ni, wanda ya daɗe yana tura wa Baba kaya gida ta jirgin ruwa. Ya san da rasuwar, ya kuma san da wasiyyar, shi ya sa ya ce mini wata biyu ke nan yana kauce wa layin shagon ɗan'uwan Baban don kada su haɗu a tambaye shi. Washegari bayan ƙarfe sha ɗaya na safe ya zo masaukina ya ce, "Yalla, ɗan Alhaji, mu je mu sauke wannan nauyin. Ni wallahi na gaji da ɓuya."

Zafin garin ya ba ni mamaki, ni da nake taƙama da zafin Kano. Muka bi ta lunguna cike da masu tura kaya a amalanke, kowa da yarensa. Ina riƙe da jakata gam, ina ta maimaita yadda zan fara maganar da ɗan Larabcin da na koya a makarantar dare.

Muka shiga wani shago mai zurfi, bandir-bandir na yadi har rufi. Na yi sallama da ƙarfi. Wani ma'aikaci mai gemu ya amsa. Sai wani siririn tsoho ya miƙe daga bayan kanta, kansa fari fat, ba gemu ko ƙwaya ɗaya, da jan ɗigo a tsakiyar goshinsa. A bayansa, kan wani ɗan katako a bango, akwai ƙaramin gunki an rataya masa furanni, turaren tsinke yana hayaƙi a gabansa.

Na juya na kalli Bakanon, na tambaye shi da Hausa ko mai shagon ya fita ne. Ya ce ai ga shi nan a gabana.

Ban taɓa ganin irin wannan ba sai a fim ɗin Indiya. Wannan ne ɗan'uwan Baba? Baban da ba ya rasa sahun farko a masallacin unguwarmu? Alawar da na tashi ina lashe yatsa a kanta daga gidan mai gunki take fitowa? Na ji kamar in juya in fita, in ba Bakanon saƙon ya ƙarasa. Abin da ya tsayar da ni kawai shi ne hannun Baba da na tuna a kan nawa.

Tsohon ya ce mana, "Sannu, sannu, zauna," da Hausarsa ta kasuwa. Ya yi wa Bakanon tsiya da Turanci, ya ce ko ya yi sabon aure ne ya ɓace haka. Ni bai san ni ba, ya ɗauka sabon mai saye aka kawo masa. Larabcin da na haddace ya gudu, kaina ya kulle. Don in samu abin yi da hannuna sai na zuge jaka na fito da tsarabar. Kuma da yake ni ne, ba ƙullin Baba na fara fitarwa ba. Nawa na fitar, na ɗora a kan kanta, na warware takardar da kaina don a ga kyan abin.

Ƙamshin yaji da nama ya cika shagon. Ma'aikacin nan mai gemu ya saki bandir ɗin da ke hannunsa. Bakanon ya damƙi gwiwar hannuna har sai da na ji zafi, ya ce a kunnena, "Innalillahi. Me ka yi haka? Naman sa ne fa. Mutanen nan saniya kamar uwa take a wurinsu. Shi ko ƙwai ba ya ci."

Ban san wannan ba. Ko in ce na taɓa ji, amma ban taɓa ɗaukarsa abin da zai shafe ni ba. Na dubi kilishin, shimfiɗe a kan kantar mutum, taku biyu daga abin da yake bauta wa. Na auna da a ce wani baƙo ne ya shigo ɗakin Baba ya buɗe naman alade kusa da dardumarsa, me zan yi masa? Na san abin da zan yi, kuma ba mai kyau ba ne. Abu ɗaya aka aike ni in yi, na ƙetaro duniya don in yi shi, ga shi kafin in buɗe baki na ɓata zumuncin shekara ashirin.

Tsohon ya daɗe yana kallon kilishin. Bai taɓa shi ba. Sannan ya ɗago ya kalle ni, ya cire tabarau ya goge ya mayar, ya sake kallona tun daga goshi har haɓa. Ina jiran ya nuna mini ƙofa, sai na ga kafaɗunsa suna rawa. Dariya yake yi. Ya yi ta har ya dafa kanta.

"Kai ɗan Alhaji ne," ya ce da Turanci. "Babban, malamin makaranta. Ba sai an gaya mini ba. Mutum biyu ne kawai a duniya suka taɓa ɗora mini wannan abu a kan kantata."

Ya ba mu labari, yana yi yana share hawayen dariya. Ya ce zuwan Baba na biyu Dubai, ya kawo masa irin wannan naman, a irin wannan takardar, ya buɗe a daidai wannan wurin, yana ta murna. Da aka fahimtar da shi, Baba ya kwashe abinsa ya fita, tsohon ya ɗauka shi ke nan ba zai sake ganinsa ba. Washegari sai ga shi ya dawo, ya ja kujera ya zauna, ya ce ya zo a karanta masa abin da ake ci a gidansu da abin da ba a ci, ɗaya bayan ɗaya, don kada ya sake. Baba ma ya zayyana nasa. Daga ranar ne aka koma riɗi. Matar tsohon kuma, in za ta yi alawar da za a kai Kano, daban take yin ta, a tukunya daban, ba ta kusantar da ita wurin bautarsu, don Alhaji ya yi bayani kuma sun ji.

Ina sauraro, kunya tana cina. Duk abin da na tsaya a bakin ƙofa ina ƙyanƙyami a kai, su biyu sun zauna sun warware shi tun ina aji uku a firamare.

Tsohon ya kira ma'aikacin nan, wanda ashe Musulmi ne ɗan Pakistan, ya ce ya naɗe naman ya kai wa abokansa masu dako, yau sun yi sa'a. Aka goge kanta. Sai na fito da ƙullin Hajiya, na miƙa masa. Ya karɓa da hannu biyu, ya shinshina, ya yi murmushi. Sannan ya leƙa bayana, wajen ƙofa.

"To shi yana ina? Wata biyu ina kira ba ya ɗauka. Yana masauki ne?"

Bakanon ya sunkuyar da kai. Na buɗe baki, duk kalaman da na shirya babu ko ɗaya. Na ce wa tsohon kawai Baba ya rasu, kuma shi ya ce in zo da ƙafata in faɗa.

Murmushin bai bar fuskarsa nan take ba, a hankali ya tafi. Ya zauna a kan kujera da ƙullin a cinyarsa. Ya tambaye ni ko Baba ya sha wahala, na ce kwana tara ya yi a kwance. Ya gyaɗa kai. Sai ya ɗaga hannu ya yi wa ma'aikacin alama, aka ja ƙofar ƙarfen shagon ƙasa, da rana tsaka, masu saye suna tsaye a waje. Bakanon ya gaya mini daga baya cewa tun da yake a Dera bai taɓa ganin shagon nan a rufe a irin wannan lokaci ba.

Tsohon ya yi kuka irin na tsofaffi, ba sauti, hawaye kawai. Ni da na zo ina ganin ko hannu ba zan iya ba shi ba, sai ga ni durƙushe a gabansa ina ba shi haƙuri, kamar yadda aka yi ta ba ni a ƙofar gidanmu. Da ya ɗan natsu ya ce Baba yakan yi masa hirata. Wai yakan ce yana da ɗa mai ilimi, mai zafin kai, wanda bai taɓa fita ko'ina ba, kuma ba zai gaya masa komai game da shagon nan ba, don in an faɗa masa da baki gardama zai yi, sai dai wata rana ya zo ya gani. Na ji maganar har cikin ƙashina. Ashe saƙon da aka ba ni ba na mutum ɗaya ba ne.

Ana haka aka kira sallar Azahar a wani masallaci kusa. Na miƙe zan nemi hanya, tsohon ya ce in dakata. Ya shige can ƙuryar shagon, bayan bandiran yadi, ya kira ni. Akwai wani ɗan fili da aka bari ba kaya, daidai tsawon mutum. A kan ƙusa an rataye darduma koriya, gefenta ya soma zarewa, a ƙasa ga buta. Na gane dardumar. Hajiya ta shekara tana cigiyarta a gida, har ta zargi mai wanki.

"Masallaci yana cika a wannan lokacin, ƙafarsa kuma ta daina son tsayuwa a rana," in ji shi. "Nan yake yi. Ni nake hana yara wucewa ta gabansa."

Ya sauko da ita da kansa, ya kaɗe, ya shimfiɗa, ya ɗan karkata ta zuwa dama ba tare da ya yi wani tunani ba. Na duba wayata don in tabbatar, don halina bai gama barina ba. Alƙiblar daidai take.

Na yi alwala da butar Baba, na tsaya a inda ƙafafunsa suka cinye zaren. Da na yi sallama na waiwaya, tsohon yana tsaye a bakin lungun da ƙullin riɗi a hannu, ya juya mini baya, yana tsare hanya.

Ranar da zan koma ya zo har masauki da kwalin alawa, ya ce in kai wa Hajiya. Na ce, "Na gode, Baba." Bakina ne ya faɗa kafin in yi shawara da shi, kuma ban janye ba. Ya miƙo mini dardumar a naɗe, na ce ya mayar da ita kan ƙusarta, zan dawo.