Shayina a Kan Injin Baba

Jiya a Funtua wata baƙar mota ta gifta ni, ban ji ƙararta ba sai da iskarta ta kaɗa mayafina. Nan take marigayi Baba ya faɗo mini a rai, tare da wani tsohon haushi.

Shekarar da auduga ta yi albarka ya sayi tasa, ƙirar Jamus. Kullum da hantsi sai ya tayar da ita a ƙofar gidanmu na garin Ƙarfi, ya ɗage bonet, ya ce, "Uwata, kawo shayi." Ni ke dafa shi da citta da kanumfari, hayaƙi na sa ni hawaye. Yana karɓa sai ya ɗora kofin a kan injin yana aiki, ya yafito maƙwabcinmu.

"Malam, duba da kyau, ko motsi shayin ya yi? Silinda shida ke nan a jere, kowace na jiran lokacinta, babu mai rigima da 'yar'uwarta."

Sai ya shafa ƙarfen nan kamar goshin jariri. Ina tsaye da faranti, ƙamshin cittata ya gauraye da warin fetur, ina jira ya kurɓa ya ce wani abu. Har ya rasu, injin yake yabo.

Yanzu kaji ke kwana a ƙarƙashin motar tasa, kuma ban taɓa tausaya mata ba. Allah ya jiƙan Baba, ya haɗa mu a gidan da babu mota, ko ya sha shayina da zafinsa.