Kapural ɗin Gwaggo

A Zango, duk mandolin mai shafaffen baya, irin ta da, sunanta kapural. Mandolin kuwa molon Turawa ce, 'yar ƙarama, mai tsirkiyar ƙarfe takwas. Da na fara koyarwa a lekol, makarantar boko, sai na bi diddigin sunan, kamar yadda mai ɗan karatu ya saba yi da abin da bai shafe shi ba. Wani littafin Faransanci ya ce an shafe bayanta ne don ta shiga jakar soja, a kantin bariki ake sayar da ita, shi ya sa ko a ƙasar maƙeranta sunan soja gare ta. Bayani mai tsabta. Sai dai marubucin bai san gwaggona ba.

Gwaggo, yayar mahaifina, tana amarya aka ɗauki mijinta soja, aka kai shi yaƙin Faransa can bayan teku. Bai dawo ba. Ba gawa, ba wanda ya ga faɗuwarsa. Abokin tafiyarsa ne ya kawo mandolin ɗinsa, ya ajiye a zaure, ya ce, "Ga ta kapural," wato ta kofur, muƙamin mijin a soja, ya fita ko ruwa bai sha ba. Ita ce ta farko da unguwa ta gani, sauran duk suka gaji sunan.

Malamai sun ce wa Gwaggo ta yi takaba ta sake aure. Ta ce takabar wa? Ta rataye abin a bangon ɗakinta.

Da bazara, tsakanin azahar da la'asar, lokacin da gari ke yin tsit har awaki su manne da inuwa, mandolin ɗin takan yi ƙara ita kaɗai. Sauti ɗaya, siriri, ya daɗe bai mutu ba. Gwaggo sai ta ce, "Na'am," ta ci gaba da tsince shinkafarta. Na ji da kunnena. Na yi mata bayanin yadda zafi ke motsa itace da ƙarfe.

"Mushe, ku da karatunku," ta ce, da sunan da ake kiran malaman lekol. "Ni dai in an kira ni, amsawa nake."

Shekaru suna tafiya, tsirkiya tana tsinkewa ɗaya bayan ɗaya. Ta ce tsufa ne, ita ma ina haƙoranta? Ta ƙarshen ta tsinke ina zaune ina shan fura a ɗakin. Gwaggo ba ta ce na'am ba. Ta yi salati, ta cire 'yan kunnenta, ta ce in je in gaya wa liman.

"Gwaggo, waya ce fa ta tsinke."

"Je ka dai, ɗan nan."

Ba ita ta ba ni tsoro ba, unguwar ce. Kafin magariba an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Washegari dangi suka cika mota daga Mirriya. Ba wanda ya yi murmushi. Na zauna cikin maza ina karɓar gaisuwar mutumin da ya ɓace tun ba a haife ni ba. Wani dattijo ya riƙe hannuna ya ce, "Ya haƙuri? Ya daɗe yana jinya?" Sai na ji bakina ya ce, "Ya ɗan jima."

Tana cikin takaba ƙanena, mai fatauci zuwa Kano, ya dawo da sababbin tsirkiyoyi a ƙunshe, yana ganin ya yi abin kirki. Muka shiga tare. Bango ba komai. Mandolin ɗin tana kan gado, a naɗe da farin ƙyalle, an kwantar da ita tana fuskantar gabas.

Gwaggo ta dubi ƙunshin, ba ta miƙa hannu ba. Ta rage murya kamar mai gudun kada a ji daga gadon.

"Fitar da su daga ɗakin nan. Na sha jira. Kada ka tayar mini da shi."